Rangwamen kuɗin wuta da aka ɗaure da hanyar biya: wa zai ci moriyarsa a karkara?

Shin da gaske ne wanda ya biya kuɗin wuta ta waya ana yi masa ragi, wanda ya kai tsabar kuɗi kuma a caje shi cif? Da wannan tambayar kawuna ya tare ni ranar da na je gida, a wani gari tsakanin Ringim da Taura. Shago gare shi a bakin tasha, da firiza ɗaya ta ƙanƙara da zoɓo, da allon cajin waya mai soket wajen talatin. Ko takalmi ban cire ba ya miƙo mini wayar ɗansa, ya ce, "Kai ɗan nan, karanta mini wannan. Wai an rage wa masu biya ta waya, mu masu kai kuɗi hannu an bar mu a tasha."

Saƙon WhatsApp ne irin wanda aka yi ta turawa, babu sunan wanda ya rubuta, babu kwanan wata. Da magariba na tarar maganar ta riga ni isa majalisa. Wani ya ce gwamnati ce ta rage, wani ya ce yaudarar 'yan banki ce, wani kuma ya rantse cewa an yafe wa ƙaninsa rabin bashi a Kano. Kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Abin da ya rikita zancen shi ne abubuwa daban-daban ake kira da suna ɗaya.

Me ake nufi da rangwamen?

A fara da farashin kansa. Kamfanin raba wuta ba shi ke yanka kuɗin yunit yadda ya ga dama ba. Hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ita ce ke amincewa da farashi, sai dai a jihohin da suka karɓi ragamar kula da kasuwar wutarsu bayan dokar lantarki ta 2023, irin su Inugu. Mu a Jigawa da Kano da Katsina, KEDCO ke raba mana wuta, ɗaya daga kamfanoni 11 da aka damƙa wa aikin a ranar 1 ga Nuwamban 2013, ko da yake har gobe "wutar Nepa" muke cewa.

Tun 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar gwargwadon awowin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20 zuwa sama, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya sauko 206.80, ya sake komawa 209.50. Sauran rukunan ba a taɓa su ba a lokacin, gwamnatin tarayya ce ke ɗaukar nauyin cike giɓin. Yawancin layukan da ke shiga ƙauyuka suna ƙasa-ƙasan nan ne. Ke nan abin da ke yanke maka farashi shi ne layin da kake kai. Ko da waya ka biya ko da tsaba, kuɗin yunit ɗaya ne.

Rangwamen hanyar biya abu ne da ke zuwa a saman wannan farashi. Mai sayarwa ya ce in ka biya kafin ka sha, ko ka biya kafin rana kaza, ko ka biya ta banki, zai sassauta maka kashi kaza. Akwai kuma ɗan abin da manhajojin biyan kuɗi irin su OPay da PalmPay kan mayar wa mutum a asusunsa in ya sayi kati ta hannunsu. Wannan daga aljihun mai manhaja yake fitowa, talla ce ta jawo ciniki, yau akwai gobe babu. Sai na ƙarshe, wanda ya fi kowanne nauyi: kamfanin wuta ya ce wa mai tsohon bashi, kawo kaso kaza yanzu mu shafe sauran. Kamfanonin raba wuta a Najeriya sukan yi irin wannan shela lokaci-lokaci. Shi ne abin da ya sami ƙanin mutumin majalisa, kuma shi zan fi daɗewa a kai.

Me zai sa ɗan kasuwa ya rage wa kansa kuɗi?

Duk wanda ya taɓa ba da bashi a kasuwar Gujungu ya san amsar. Buhun gero na kuɗi hannu da na "sai kasuwa mai zuwa" ba farashinsu ɗaya ba.

Kamfanin wuta sari yake yi. Kowane wata ana kawo masa lissafin wutar da ya karɓa daga babban layi, dole ya biya ko mutanen gari sun biya shi ko ba su biya ba. Wata wutar tana salwanta a tsofaffin wayoyi, wata a yi mata jonin sata, wata kuma a sha a ƙi biya. In an zo karɓar kuɗi a ƙauye, sai an buga takardar bil, an zuba wa babur mai, an biya ma'aikacin da zai bi gida-gida, sannan a yi fatan kuɗin su isa asusu ba su yi ƙafa a hanya ba. Wannan tsoron ne ya sa a ƙarshen 2019 NERC ta umarci kamfanonin su mayar da masana'antu da manyan 'yan kasuwa da manyan gidaje kan biya ta banki.

Sai maganar lokaci. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar kuma ya kai 27.5. A irin wannan yanayi, kamfanin da ke cin bashin banki da ruwa wajen kashi 30 a shekara, kowane wata ɗaya na jinkiri yana cinye masa kusan kashi biyu da rabi. To in ya ba ka ragin kashi biyu don ka biya da wuri, bai yi asara ba. Wani yanki na abin da ka tsirar masa ne ya dawo maka da shi. Ban ga laifin haka ba, ciniki ne. Abin da nake so mutanenmu su riƙe shi ne ba alfarma aka yi musu ba, don haka suna da damar su tsaya su yi lissafi kafin su ce an gode.

Lissafin naira dubu biyar

Na zauna a kan bencin shagon Kawu muka buga lissafi a bayan kwalin sigari. Shi yana da mita mai kati, yana cikin 'yan tsirarun da suka dace a garin.

A ce ka ba da naira 5,000. Harajin VAT na kashi 7.5 zai ɗauke kusan naira 349, saura 4,651. In yunit ɗinka naira 50 ne, misali, ka tashi da yunit 93. In kana rukunin A, a farashin 209.50 ɗin nan, kuɗin yunit 22 kawai za su ba ka. In kuma akwai tsohon bashi a kan mitar, ana cire wani kaso tun kafin a lissafa maka yunit. A ce rubu'i ake cirewa: naira 1,250 ta tafi, yunit 93 ɗin nan sun koma wajen 70. Mutane da yawa suna ganin yunit ya ragu su ce mita ce ke gudu, alhali bashin da ba su san da shi ba ne ake zara a hankali. Rasit ɗin yana nuna wannan, in an karɓa an karanta.

Yanzu a kawo ragin kashi biyu. A kan dubu biyar, naira 100 ke nan. Kawu kuwa wayarsa ƙarama ce, 'yar rakani-kashi, ba ya amfani da manhaja. Wurin mai POS yake zuwa, shi kuma mai POS galibi naira 100 yake karɓa a kan dubu biyar. Wasu manhajojin ma suna ɗora nasu cajin a kan kowane saye. Kawu ya dubi kwalin ya ce, "Ashe dai abin da aka ba ni shi zan miƙa wa yaron can." Na ce, "Haka ne, Kawu. In kuma sabis ya ɗauke ka hau babur zuwa Ringim, ka ci uwar kuɗi."

Ragin yana fara yin amfani ne in mutum yana da asusunsa, ya iya latsawa da kansa, kuma yana saye da yawa a lokaci ɗaya. Mai walda da ke zuba dubu hamsin zai ga naira dubu, ya sayi biredi. Bazawarar da ke haɗa ɗari biyar daga cinikin ƙuli-ƙuli, nata ragin naira goma ne, cajin mai POS kuma ya ninka shi sau da yawa. Tsarin da kansa yana karkata wajen mai hali, ko da babu wanda ya yi nufin zalunci.

Akwai wani sauƙin da ya fi duk wannan, amma ba kasafai ake maganarsa ba. A jadawalin farashin NERC akwai ajin masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ba sa shan fiye da yunit 50 a wata, farashinsu naira 4 kowane yunit. Gidan da ke da ƙwan lantarki biyu da rediyo da cajin waya ya cancanci ya je ofis ya tambayi ajin da aka saka shi. Sai dai ba a tabbatar da cewa ba ka wuce yunit 50 ba sai da mita.

Wanda ba shi da mita fa?

A nan gizo ke saƙar. Kusan rabin masu rajistar wuta a Najeriya ba su da mita, a karkara kuma abin ya fi muni. Su bil na ƙiyasi ake kawo musu. A garuruwa da yawa ma lissafi ɗaya ake yi wa taransifoma guda, sai kwamiti ya raba wa gidaje: mai firiza kaza, mai ƙwai kaɗai kaza.

Irin wannan gari ba shi da zaɓin hanyar biya balle a yi masa ragi a kai. Kuɗin suna taruwa ne ɗari biyar-ɗari biyar, wani ya ce sai ya sayar da akuya, wani ya ce sai kaka. In aka ce ragi na wanda ya biya kafin goma ga wata ne, manomi ya faɗi tun ba a fara ba, domin shi ba albashi yake jira ba. Kuɗinsa suna zuwa ne in an girbe riɗi da gero da zoɓo, ko in tumatir da shinkafar rani sun nuna a fadamar Haɗeja. A watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma taki ya cinye aljihu, ko ragin rabi aka yi ba shi da abin biya.

A unguwarmu mun taɓa ɗanɗana illar kuɗin hannu. Mutumin da aka wakilta ya riƙa kai kuɗin gari, dattijo ne da kowa ke jin nauyinsa, babu wanda ya iya ce masa ina rasit. Da aka zo daidaita lissafi sai aka ga wata uku babu shaidar an biya. Ya ce ya ba wani, wanin ba a gan shi ba. Littafin ma'aji yana nan da sunan kowa da abin da ya bayar, amma littafin ma'aji ba rasit ba ne. Sai da aka sake bi gida-gida, har da gidajen da suka biya tun farko. Tun daga nan na yarda cewa babbar ribar biya ta waya ko ta POS a ƙauye ita ce shaidar da take bari, lambar asusu da rana da adadi. Ko babu ragin sisi, wannan kaɗai ya isa dalili.

Mai mita yana da wata kariyar kuma. A Oktoban 2024, da aka lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ya ratso ta Binuwai ya samu matsala, yawancin Arewa ta yi fiye da mako a duhu. Mai kati yunit ɗinsa suna nan ba su motsa ba. Mai ƙiyasi kuwa sai ya jira takarda ya ga ko an cire masa kwanakin.

"Kawo rabi mu yafe rabi"

Wannan tayin yana da daɗin ji, kuma wani lokaci alheri ne na gaske. Amma rabin me?

A Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga bil na ƙiyasi. Kamfani ba shi da ikon cajin marar mita fiye da wani adadin yunit a wata, wanda ake fitarwa daga abin da masu mita a yankinsa ke sha. Hukumar tana wallafa waɗannan adadai, kuma ta sha hukunta kamfanonin da suka ƙetare su. To a ce takarda ta nuna ana bin gidanku naira 300,000, aka ce ku kawo 150,000 a shafe saura. In da za a sake lissafin bisa iyakar nan a ga ainihin bashin 120,000 ne, kun biya rarar 30,000 kuna godiya. In kuma lissafin daidai yake, kun tsira da 150,000. Ba a sanin wanne ne sai an nemi a buga tarihin asusun wata bi wata, a zauna da wanda ya iya karatu a duba: watannin da taransifoma ta ƙone an caje su? Kuɗin da aka biya a baya sun shiga? Bashin na mai gidan ne ko na ɗan hayar da ya tashi?

Dokokin kare masu shan wuta suna tare da mai tambaya a nan. Marar mita da ke jayayya da bil yana da damar ya ci gaba da biyan adadin ƙarshe da bai yi jayayya da shi ba har a warware. Ana fara kai ƙorafi a rubuce ga sashen ƙorafi na kamfanin, in ba a gamsu ba a wuce ofishin sasanci na NERC, daga nan sai hukumar kanta. In an daidaita aka yarda da yafiyar, a biya cikin asusun kamfani, kada a damƙa wa mutum, kuma a karɓi takardar da ta nuna bashin ya koma sifili. Wanda ya zo da tsani ya ce a ba shi wani abu zai "gyara a kwamfuta", bashin yana nan yana jiran ranar da za a saka mita.

Liman ya tayar da wata tambayar a majalisa, kuma tambaya ce da ta dace: rage bashi don a biya da wuri, ba shi ne abin da Risala ta hana ba? Lallai a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yarda a rage bashin da lokacinsa bai yi ba don a gaggauta biyansa. An ruwaito halaccinsa daga Ibn Abbas, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta halatta shi in ba a sharɗanta tun farko ba, kuma tsakanin mai bashi da wanda ake bi ne kawai. Sai dai tsohon bashin wuta lokacinsa ya riga ya wuce, mai shi ne ya ga dama ya yafe wani sashe. Sayen kati kuma ciniki ne na kuɗi hannu, babu bashi a ciki. Inda ya kamata a zauna da malami shi ne in an mayar da abin tara, wato wanda ya makara a ƙara masa a kan abin da ake binsa.

Inda aka riga mu gwadawa

Ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari sun ga inda yake ciwo. A Birtaniya, hukumar Ofgem mai kula da wuta da gas tana sa iyakar farashi daban-daban gwargwadon hanyar biya. Wanda ya ba banki izinin cire kuɗin kai tsaye duk wata yana biyan ƙasa da wanda ke jiran takarda. Shekaru da yawa masu mita mai kati, waɗanda galibinsu talakawa ne, sun fi masu ba banki izinin cire kuɗi biya da tsada, har sai da gwamnati ta shiga ta kawar da bambancin daga Yulin 2023.

Na Ostireliya ya fi ba ni tsoro. Can kamfanoni sun riƙa tallan ragin kashi 30 ko fiye ga mai biya a kan lokaci, bayan sun riga sun ɗaga farashin tushe. Wanda ya makara kwana ɗaya sai ragin ya zube gaba ɗaya. Hukumar kula da gasa ta ƙasar ta fito da wannan a rahotonta na 2018, daga Yulin 2020 kuma aka sa doka cewa irin wannan ragi kada ya wuce ainihin abin da jinkirin ke jawo wa kamfani. Abin da aka kira rangwame ga mai albashi, tara ce ga wanda kuɗinsa ba su da rana. Ni wannan nake jiye wa karkararmu in tsarin ya yaɗu babu mai sa ido.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon baya suna cewa in kuɗi suna shiga a kan lokaci, kamfani zai iya gyara layi ya sayi taransifoma, kuma babu adalci a ce mai biya da marar biya farashinsu ɗaya. Ba ƙarya suka faɗa ba. Rashin kuɗi ya taɓa durƙusar da kamfanonin nan: a Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe ragamar kamfanonin Kano da Kaduna da Binin saboda bashin da masu su suka kasa biya. Kamfanin da ba ya tara kuɗi, ƙauye zai fara mantawa da shi.

Ni dai ina ganin an sa keke a gaban doki in aka fara da ragi kafin mita. Gwamnati ta fito da tsarin MAP a 2018, inda mutum zai sayi mita da kuɗinsa (daga baya aka ce a riƙa mayar masa da su ta hanyar yunit), sannan a 2020 ta ƙaddamar da rabon mita kyauta. Duk da haka kuɗin mita ɗaya ya fi ƙarfin yawancin gidajen ƙauye, rabon kyauta kuma birni yake fara tsayawa. In har ana son manomi ya shiga cikin masu cin ragin, sai a bi kalandarsa: a ba shi sauƙi in ya zuba kuɗin wata shida lokacin kaka, a kuma sa wakilan sayar da kati a kasuwannin mako waɗanda kamfani zai biya la'adarsu, yadda cajin ba zai faɗo kan mai saye ba. Kwamitocin gari su ma suna da abin yi tun yau: su nemi lambar asusun taransifomarsu, su riƙa biya ta POS, su liƙa rasit a ƙofar masallaci kowa ya gani. Kada kuma su manta cewa sayen taransifoma da falwaya, a ƙa'idar NERC, aikin kamfani ne, ba na jama'ar gari ba.

Saƙon da ke wayar ɗan Kawu kuwa, na ce masa ya share. Ragin gaske a rasit yake bayyana, ko a sanarwar da kamfani ya fitar da sunansa, kuma ba a neman lambar sirrin katin banki kafin a ba da shi. Kawu ya yanke shawarar daina sayen katin dubu ɗaya-ɗaya sau biyar a wata. Zai riƙa tarawa ya saya sau ɗaya ta wayar ɗansa, ya rubuta lambobi ashirin ɗin a littafin bashin shago, tare da yunit ɗin da suka fito. Washegari da zan tafi ya biyo ni bakin mota da rasit guda uku da ya tono daga ƙarƙashin sikeli, ya ce, "Ɗan nan, tafi da waɗannan ka duba mini layin nan da aka rubuta bashi. Ni ban san ranar da na ci shi ba."